Wutar Ƙarƙashin Gida da Lurun Innarki

Tudun Wada, Zariya.

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da jikana kuma abokin faɗana Habibu. In kun sauka, ki isar mini da gaisuwa wurin maigidanki Malam Nura. Allah Ya tsare ku a sama, Ya tsare ku a ƙasa, Ya sa garin da za ku ya karɓe ku da alheri.

Na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da tsakanin gidansa da naki na Hanwa ba ya wuce tafiyar keke ɗaya. Ke kika jawo. Duk ranar da na buɗe baki zan yi miki wannan magana, sai ki miƙe ki duba ko na sha magani, ko ki ce in bari sai na gama cin abinci. Takarda ba za ki iya katse ta ba. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fara rawa, amma in kin bi a hankali zai karantu.

Maganar Habibu ce. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba ni zan koya miki abin da sanyi ke yi wa yaro mai sikila ba. Tare muka zauna a bakin gadon asibiti bara, lokacin da ɗan sanyinmu na nan ya taso masa da ciwon, yana riƙe da gwiwarsa yana cewa a cire masa ita a ajiye sai ta warke. Magani da ruwan sha da ganin likita, duk naki ne, kin fi ni sani nesa ba kusa ba. Abu ɗaya na sani wanda ba ki sani ba tukuna, shi ne irin sanyin Kanada, da injin da zai tsaya tsakanin yaron nan da wannan sanyi.

Ranar da Malam Nura ya kira ni ta bidiyon waya daga can, ya zagaya da ni gidan da ya kama muku, ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya nuno mini wani dogon akwatin ƙarfe, ya ce, "Baba, ga injin ɗumama gidan." Sai na ji kamar na ga wani tsohon maƙwabci. Nasa sabo ne, fari tas. Wanda na sani baƙi ne, mai gurnani, amma aikinsu ɗaya: wuta na ci a cikinsa, fanka na tura iskar ɗumi ta bututu zuwa kowane ɗaki. In sanyi ya kai iyaka, dukan gidan a wuyan wannan akwati yake rataye. In ya gaji ya tsaya, to a irin ranar da kowa ke neman mai gyara yake tsayawa. Don haka abin da nake so ki koya shi ne yadda za ki rage masa wahala, ya kai ku ƙarshen sanyi lafiya. Ni ban iya ba a farko. Bari in gaya miki yadda na koya.

Kin sha jin cewa tun kafin in auri Innarki an tura mu can karatun koyar da sana'ar hannu, ni da Baba Dauda. A lokacin ba shi da wannan tumbin, siririn ɗan mawaƙan coci ne mai yawan taje kai. Aka sauke mu a gidan wata tsohuwa mai suna Marta, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Ita tana ƙasa, mu muna sama. Na ƙi kiran sunanta gatsau, don a shekaru ta haife ni, sai na riƙa ce mata Inna Marta. Da Dauda ya fassara mata ma'anar, ta ji daɗi ƙwarai, har ta riƙa gaya wa maƙwabta ta sami 'ya'ya biyu da rana tsaka.

Kuskurena na farko gaggawa ce. A jikin bangon falo akwai wani ɗan abu zagayayye kamar agogo, shi ake murɗawa a gaya wa injin iyakar ɗumin da ake so. Ranar da sanyi ya fara sauka da gaske, na dawo daga makaranta kunnuwana kamar ba nawa ba. Na je na murɗa abin nan har ƙarshe. A tunanina kamar murhu ne, in ka ƙara ice wuta ta ƙara ƙarfi, ɗaki ya yi ɗumi nan take. Na hau sama, na tuɓe kwat, na saura daga ni sai singileti da zane, yadda na saba zama a gida. Can zafi ya ishe ni, sai na buɗe taga.

Ina zaune a haka Inna Marta ta hawo bene tana haki. Ta dubi tagar, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, unguwar gaba ɗaya kake son ɗumamawa?"

Dauda ya ce, "Ki ƙyale shi, Inna, mutumin kirki ne. A garinmu ma ba ya cin abinci sai da maƙwabta."

Ta ja ni har bakin matakalar ƙasa, ta ce in saurara. Injin na ta gurnani ba hutu, kamar babbar mota a kan tudu. Ta ce ƙarfinsa ɗaya ne, ko ka murɗa kaɗan ko ka murɗa duka, da gudu ɗaya zai yi aikin. Abin da murɗawar ke canzawa kawai shi ne lokacin da zai tsaya ya huta, ni kuma na sa masa iyakar da ba zai taɓa kaiwa ba.

To Uwani, na san ki. Ranar da kika ga Habibu ya ɗan ƙanƙame jiki, hannunki zai kai kan abin nan kafin tunaninki ya iso. Ki dakata. Ki zauna da Malam Nura da likitan yaron ku zaɓi ɗumin da ya dace da shi, ku tsaya a nan, kada ku yi ta sama da ƙasa da shi. In yaro ya ji sanyi, riga za ki ƙara masa tukuna. A can mutum ba ya tuɓewa don ya shigo gida. Safa a ƙafa, suwaita a jiki, hula a kai in da hali. Kowace riga da kuka sa, wani nauyi ne kuka sauke wa injin. Ke ma da son yawo ba takalmi a tsakar ɗaki, ki daina.

Na biyu ya fi ba ni dariya in na tuna. A ƙasan kowane ɗaki akwai 'yan ramuka masu murfin raga. Wasu na huro ɗumi, wani babba kuma a lungun bene yana zuƙar iskar gidan ya mayar wa injin ya sake ɗumama ta. Ni ban san bambancin ba. Na tsaya kusa da babban na ji iska mai sanyi tana wuce ƙafata, na ce ga inda ake cutarmu. Na jawo akwatina na ƙarfe na ɗora a kai. Na ɗakina kuma, da yake yana daidai inda nake salla, na shimfiɗa darduma a kansa, don goshina ya riƙa samun ɗumi. Dauda ya ce bai taɓa ganin mai daɗewa a sujada irina ba, ya fara tunanin ko waliyyi aka haɗa shi ɗaki da shi.

Sai injin ya shiga wani hali. Ya kunna, ya yi ɗan gurnani, ya mutu. Jim kaɗan ya sake kunnawa, ya sake mutuwa. Gida ya ƙi ɗumi. Da mai gyara ya zo, bai taɓa injin ba ma, ya bi ɗakuna yana duba ƙasa, har ya iso kan akwatina. Ya ture shi da ƙafa, muka ji iska ta ja da ƙarfi, kamar mutumin da aka sakar wa hanci. Ya ce injin numfashi yake yi. In aka toshe masa hanya zafi ya taru a cikinsa, sai ya kashe kansa don kada ya ƙone, kuma wannan kunnawa da mutuwa ita ke tsufar da shi da wuri.

Wannan ki riƙe shi da kyau, don nan ne na fi jin tsoronki. Ke 'yar Innarki ce wajen jere. Ba kya ganin bango a sake sai kin jingina masa kabad, ba kya ganin ƙasa a fili sai kin rufe ta da kafet daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kafin ki shimfiɗa komai a gidan nan, ki zagaya ki nemo ramukan nan duka, ki nuna wa Habibu su ma, ya san ba wurin ajiye jakar makaranta ba ne. Kujera ta matsa, labule kada ya sauko ya rufe su. Buhun garin tuwo da na ji kina cewa za ki nemi lungun da za ki jingina, ki duba ƙarƙashin lungun tukuna. Kada kuma ki ce ɗakin baƙi ba kowa, bari in rufe nasa don ɗumin ya taru a namu. In an rufe da yawa, injin ne ke shan matsi.

A jikin injin kuma akwai filta, wani faifai mai kama da rariya, yana tare ƙura kafin iska ta shiga. Inna Marta takan zaro shi ta ɗaga wa fitila. In haske bai ratsa ba, ta sa sabo. Naku zai fi nata saurin cika, don ita ba ta turaren wuta, ba ta suya da manja. Na ga ƙullin turaren da ƙawayenki suka haɗo miki, ya isa buɗe shago. Ban ce ki bari ba, gidan mace ba ƙamshi ba gida ba ne a wurinku, na sani. Amma duk hayaƙin nan a faifan zai ƙare. Ki koyi zaro shi da hannunki, kada ki jira Malam Nura. Mutumin kirki ne, amma na ga yadda yake da man motarsa.

Na uku shi ne babba, kuma Dauda ya riga ya ba ki labarinsa fiye da sau ɗaya, kullum da ƙarin gishiri. Ga yadda ya faru ba ƙari.

Hutun Kirsimeti ya zo. Inna Marta ta tafi wurin 'yarta. Mu kuma wasu 'yan gida da ke babban birni suka gayyace mu, aka ce za a yi tuwo da miyar kuka, wanda rabonmu da shi tun barin Zariya. Dauda ya riga ni fita da jakunkuna. Ni ne na ƙarshe a gidan. Na kashe fitilu, na duba murhun girki, na kama ƙofa zan rufe, sai na ji gurnanin nan daga ƙasa. Na tsaya. Wuta ce ke ci a cikin gidan katako, kuma za mu yi kwanaki ba kowa.

Ki tuna ɗan wa nake. Kakarki, wadda kika ci sunanta, ta ga gobarar da ta cinye rabin unguwarsu tana yarinya, lokacin duk rufin ciyawa ne. Ko gidan biki za mu, sai ta dawo daga zaure ta sake leƙa madafa. Abin da aka fara koya mana ke nan: mai hankali ba ya barin wuta a gida ya fita. A saman matakalar ƙasa akwai wani jan makunni. Na danna shi, gurnani ya tsaya, gida ya yi tsit. Na fita ina jin kaina ɗan halak, wanda ya san darajar gidan mutane.

Muka dawo da rana, rana mai haske ƙwarai, irin wadda a can ita ce mafi sanyi. Da muka buɗe ƙofa, numfashinmu na fita kamar hayaƙi a tsakiyar falo. Na hau sama na ɗauki butata, na ji ta da nauyi, na karkata ta, ko ɗigo. Ruwan ya zama dutse, har gindinta ya tsage. Dauda ya dube ni, ya dubi butar, ya ce, "Malam Isyaku, yau sai taimama."

Na gaya masa abin da na yi. Bai yi faɗa ba, ya dai zauna a kan matakala da kwat ɗinsa ya riƙe kai. Muka kunna injin. Ya kama da ƙyar, ya yi ta aiki ba tsayawa har washegari, don ba iska kaɗai zai ɗumama ba, bango da ƙasa da gadaje duk sun sha sanyi sun ƙoshi. Da ɗumi ya fara ratsa gidan, sai ga ruwa na tsiyaya daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Bututun famfo ya fashe tun yana daskare, ƙanƙara ce ta toshe ɓarakar. Muna cikin kwasar ruwa da tukwane Inna Marta ta shigo.

Ba ta dubi ruwan ba sosai. Ta wuce bakin taga inda take jera tukwanen furanninta, waɗanda mijinta ya dasa. Duk sun yi baƙi sun kwanta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo ta tambaye ni dalili, a hankali, ba da fushi ba. Na gaya mata maganar kakarki da gobara.

Ta ce, "Uwarka mace ce mai hankali. Amma gaya mini, kullum in ta gama girki kashe wutar take yi ƙurmus? Da safe fa, da me take kunnawa?"

Sai na tsaya ina tunani. A gidanmu ashana ba kullum ba. In kakarki ta gama tuwon yamma, takan tattara garwashin wuri guda, ta binne shi da toka, ta kife tsohon kasko a kai. Ba harshe, ba hayaƙi, ba abin da zai kama. Da asuba ta tona, ta sa 'yan ƙirare, ta hura sau biyu, wuta ta tashi. Matan da suka bari tasu ta mutu su ne ke yawo gida-gida da tsingaron tukunya suna neman wuta. Na gaya wa Inna Marta haka.

Ta ce, "To abin da za ka yi wa nawa ke nan. Ka rage shi, ka bar shi da rai."

Ashe rabin karatun kakarki na ɗauka na haye jirgi da shi, na bar rabin a gida.

Ke kuma, Uwani, kin fi ni wannan hali, don ke a zamanin ɗauke wuta da kawo wuta kika tashi. Ba kya fita sai kin zare kowace waya daga bango, kin rufe tukunyar gas, kin dawo daga bakin ƙofa kin sake dubawa. A nan wannan hankali ne. A can, fitila da dutsen guga da murhu ki kashe su yadda kika saba, amma injin ɗumi ba ya cikinsu. Za ku fita aiki, za ku yi tafiyar kwana, ki rage shi kaɗan ki tafi. A ranakun da sanyi ya kai maƙura ma kada ki rage da yawa, don hawowa daga ƙasa ya fi ba shi wahala fiye da riƙe inda yake. Ki tuna yaron da za ki shigo da shi daga makaranta. Gidan da ya huce ba ya ɗumi kafin a cire takalmi, kuma ƙashin Habibu ba zai jira ba.

A ranar da muka tarar da gidan a daskare, muna rawar ɗari, Dauda ya kawo shawarar mu kunna murhun girki mu bar shi a buɗe mu zauna gabansa. Wannan ɓangaren ba ya faɗa in yana ba da labari. Allah Ya taimake mu ba mu yi ba. Da Inna Marta ta ji, a nan ne kaɗai na ga ranta ya ɓaci. Gidajensu a toshe suke ruf, ba irin namu masu shan iska ta ko'ina ba. Wutar da ba ta da hanyar fitar hayaƙi tana ɓata iskar ɗaki ba wari ba alama, mutum ya ji barci kawai. Saboda haka ko da wasa kada gawayi ya shiga gidan nan. Kaskon turarenki na ƙasa ki bar mini shi, ki nemi na lantarki. In injin ya tsaya, ki naɗe yaro ki kai shi gidan maƙwabta, ki kira mai gyara daga can. Kada kunya ta hana ki buga ƙofar wanda ba ki sani ba. Akwai kuma 'yar na'ura da ke ƙara in iskar gida ta ɓaci. Na tambayi Malam Nura, ya ce akwai. Ki sa ya gwada ta a gabanki.

Sauran ƙanana ne, Inna Marta ta koya mini su a hankali bayan mun shirya, don ba ta kore mu ba, sai ma ta sa ni na raka ta sayen sababbin furanni da bazara. In rana ta fito, ki buɗe labulen tagar da take haskawa, ɗumi ne na kyauta. Da ta faɗi, ki ja labule. Ki bi gefen ƙofofi da tagogi da bayan hannunki, inda kika ji iska na shigowa ki toshe. Tsohon zane in an naɗe shi an kwantar a gindin ƙofa yana aiki sosai. Sallamar bakin ƙofa irin tamu, a buɗe ƙofa a tsaya ana a gaida gida, a gaida yara, a dawo a ce af na manta, wannan ki yi ta a ciki, ƙofa a rufe. Malam Nura ya ce injinan yanzu bututun hayaƙinsu ta gefen bango yake fita, ƙasa-ƙasa. To duk safiyar da dusar ƙanƙara ta sauka da yawa, wani ya zagaya ya share bakinsa. Kuma a kira mai duba injin tun kafin sanyi ya kankama, yana lafiya, ba sai ya kwanta ba. Wannan ke ma kina gaya wa marasa lafiyarki, kina gaya mini.

Yanzu sai maganar da muka bari a tsakiya ranar Lahadi.

Na ce ki tafi wa Habibu da lurun Innarki. Kika ce ba za ki taɓa shi ba. Na ce saƙar hannu ce, auduga zalla, mai nauyi, duk bargunan kanti ba su kai shi riƙe ɗumi ba, kuma yaron da ke cikinsa ba sai an takura wa inji don shi ba. Kika ce, "Baba, tun rasuwar Inna da shi kake rufa. In na ɗauke, ka rufa da me?" Na ce akwai bargo. Kika ce bargon da kika saya mini yana nan cikin ledarsa, kin gani a saman kabad. Habibu na gefe yana jinmu, ya ce, "Ni ba na so ma, warin tsoho yake yi." Na ce warin matata ne da ka yi ta cewa za ka ƙwace, ka kasa. Kika yi dariya, sannan kika shiga madafa kika daɗe ba abin da kike dafawa.

Kin yi gaskiya, ba zan ɓoye ba. Gidan nan ya yi mini girma. In aka idar da sallar la'asar yara suka watse daga layi, ina jin ƙarar agogon falo daga tsakar gida. Lurun nan in na ja shi, ina samun barci. Amma kada ki ɗauki wannan ki sa a jaka ki tafi da shi. Ina ci, ina sha, ina takawa masallaci da sandata. Matar Malam Sani maƙwabcina tana aiko da kunu tun ban nema ba. Dauda na zuwa daga unguwar Kongo a keke, mu zauna a zaure ya yi ta musu da rediyo. Na ga aurenki, na ga ɗanki, na ga ranar da aka neme ki aiki daga wata ƙasa saboda abin da kika iya. Mutane da yawa ba su sami rabin wannan ba. Alhamdu lillahi.

Jiya na baje lurun a kan gado ina dubawa, Dauda na zaune. Kin san ba ƙyalle ɗaya ba ne, saƙa ce layi-layi aka haɗa da ɗinki. Na ce masa, "Wannan fa na mutum biyu ne. Mutum biyu aka saƙa wa shi."

Ya ce, "Da can. Yanzu kai in ka naɗe ko buhun gero ba ka kai ba."

Na ce to shi ke nan, tashi ka raka ni. Muka kai wa Tanimu tela a bakin layi. Bai sa almakashi ba. Ya bi ɗinkin tsakiya ya warware shi zare-zare, ya kalmashe bakin kowane ɓangare. Yanzu luru biyu ne. Na gwada nawa, ya rufe ni har da saura. Na Habibu an wanke shi an shanya a rana, don kada ya ce warin tsoho, ga shi nan a naɗe tare da wannan takarda. Ba ki da sauran hujja. Ba ki raba ni da shi ba, ni ma ban bar yaro ya tafi ba shi ba.

Ki shimfiɗa masa shi a kan bargonsa. In sanyi ya tsananta kika ji injin na ta aiki a ƙasa, kada ki tashi ki murɗa komai. Ki leƙa ki ja masa lurun zuwa kafaɗa, ki taɓa ƙafarsa ki ji. In da ɗumi, ki koma ki kwanta, ke ma jikinki na da hakki a kanki.

Yaro ne mai tsawon ƙafa, irin na gidan ubansa. Wata shekara za ki ga ƙafafun sun fara leƙowa ta ƙasa. In lokacin ya yi, ki aiko a karɓi ɗaya rabin a mayar da ɗinkin. Tanimu ya ce aikin yini ɗaya ne. In ina nan, ni zan ba da shi da hannuna. In ba na nan, Dauda ya san inda yake.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ku iske Malam Nura lafiya. Allah Ya raba Habibu da tashin ciwo, Ya ƙarfafa ƙashinsa, Ya raya shi. Allah Ya tsare gidanku daga gobara da sanyi da abin da ba a gani. Allah Ya jiƙan Innarki da kakarki. Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da zan yafe ba. Ki gaya wa abokina in ya ga dusar ƙanƙara ya taɓa ta da safar hannu, ya kira ni ya ba ni labari, in ji ko har yanzu tana nan yadda na bar ta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Isyaku.